Wai Roy Orbison Ya Ci Amanar Rok-an-Rol? Ni Kam Ina Da Ja

Akwai wata tatsuniya da masu rubuta tarihin kiɗan Amurka suka daɗe suna yi wa jama'a, har ta kai yanzu duk yaron da ya leƙa intanet ya karanta shafi biyu sai ya dawo yana biya ta kamar hadda. Wai kiɗan rok-an-rol ya taso da ƙarfinsa wajen 1955, ya yi shekara huɗu yana girgiza duniya, sannan ya faɗi matacce a 1959. Daga nan, in ji su, sai aka bar fili ga wasu samari masu gyaran gashi suna rera waƙoƙin soyayya masu zaƙin alewa, har sai da Beatles suka tsallako daga Ingila a 1964 suka tashi gawar. A cikin abubuwan da ake yi wa kuɗin goro a jefa su cikin wannan rami har da babban faifan Roy Orbison na farko, mai suna Lonely and Blue, wanda kamfanin Monument ya fitar a Janairun 1961. Masu tsananin ra'ayi a cikinsu cewa suke Orbison na gaskiya shi ne na 1956 mai kaɗa jita da zafi, wannan na 1961 kuwa mutum ne da ya ga kasuwa ta juya ya bi ta, ya ajiye mazantaka ya ɗauki hankici. Masu ɗan sassauci kuma sai su ɗaga masa ƙafa su ce to shi dai ya fita daban, amma zamanin nasa duk shara ne. Ni da su duka biyun nake da magana.

Ban ce ba su da abin kamawa ba. Gaskiya ne cewa a cikin shekara biyu da 'yan watanni manyan wannan kiɗa sun watse kamar an jefa dutse cikin kasuwar tsuntsaye. Little Richard ya ajiye waƙa a ƙarshen 1957 ya koma karatun addini. An ɗauki Elvis Presley aikin soja a Maris 1958. Bayan wata biyu asirin Jerry Lee Lewis ya tonu a Ingila cewa matar da ya zo da ita 'yar uwarsa ce mai shekara 13, kasuwarsa ta rushe nan take. Ranar 3 ga Fabrairun 1959 jirgin sama ya faɗi da Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper. A ƙarshen shekarar aka kama Chuck Berry, daga baya ya yi zaman gidan yari. Ga kuma binciken cin hanci da aka yi wa masu saka faifai a gidajen rediyo, wanda ya ci Alan Freed, mutumin da ya fi kowa yayata sunan kiɗan. Haka nan gaskiya ne kamfanoni sun cike gurbi da irin su Fabian, yaran da kyan fuska ya kai su gaban makirufo kafin murya. Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki jerin masifun da suka sami mutum biyar ko shida a ce shi ne tarihin kiɗan ƙasa guda.

Mai karatu, duba abin da aka fitar a cikin wannan zamani da ake ce wa kango. Ray Charles ya saki What'd I Say a 1959. A shekarar ne Berry Gordy ya kafa kamfanin da ya zama Motown a Ditiroit. Sam Cooke ya fitar da Chain Gang a 1960. 'Yan matan nan baƙar fata, Shirelles, sun hau saman jerin mujallar Billboard a farkon 1961, a shekarar kuma Ben E. King ya fitar da Stand by Me. To wane irin kango ne wannan? In ka lura da kyau, yawancin waɗanda aka share don tatsuniyar ta zauna daidai, ko dai baƙar fata ne, ko mata, ko kuma namiji ne da ya yarda ya ce zuciyarsa na ciwo. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rubuta tarihin ya riga ya yanke a ransa cewa kiɗan gaskiya shi ne na saurayi mai ihu da tsalle, saboda haka duk abin da bai yi kama da wannan ba sai ya zama bai faru ba.

Yanzu mu dawo kan shi Orbison ɗin, mu ga wane ne na gaskiyar, wane ne na aro. An haife shi a garin Vernon na jihar Teksas a 1936, ya tashi a Wink, wani ɗan ƙaramin garin masu haƙar man fetur da babu abin kallo a cikinsa sai ƙura da rana. Yaro ne mai raunin ido, mai tabarau masu kauri, mai jin kunya. Johnny Cash ne ya ba shi shawarar ya nemi Sam Phillips, mai kamfanin Sun a Memfis, inda Elvis ya fara. A 1956 Sun ta fitar masa da Ooby Dooby, waƙar da wasu 'yan makarantarsu biyu, Wade Moore da Dick Penner, suka rubuta. Waƙar rawa ce, ko sunanta ma ba shi da ma'ana, ta kuma kai lamba 59 a jerin Billboard. Wannan ita ce waƙar da masu tsananin ra'ayi suke rantsuwa da ita. Ban ce mummuna ba ce, hannunsa a jita yana da kyau a cikinta. Amma ka saurari muryar. Murya ce ta mutumin da aka ba rigar wani aka ce ya yi fara'a. A Sun an fi son ya yi ta irin waɗannan masu sauri, shi kuwa ransa na kan waƙoƙi masu sanyi, ba a ba shi fili ba. Faifan da suka biyo baya babu wanda ya yi kasuwa. Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Ya bar Sun ya koma rubuta wa wasu waƙa. Abin da ya fara kawo masa kuɗin kirki shi ne Claudette, wadda ya sa wa sunan matarsa, Everly Brothers suka rera ta a 1958. Ya ɗan taɓa zama a RCA ba a dace ba. Sai a 1959 ya faɗa hannun Fred Foster, mai wani ƙaramin kamfani da ake kira Monument, a daidai lokacin da ya haɗu da abokin rubutunsa Joe Melson. Ina so a riƙe wannan da kyau: mutumin da ake zargi da bin kasuwa ya shafe kusan shekara huɗu yana bin kasuwar da aka nuna masa, yana faɗuwa. Ranar da ya daina bi, ranar ya tashi. To in akwai cin amana a labarin nan, a wane ɓangare yake?

Waƙar da ta buɗe faifan, Only the Lonely, an ɗauke ta a 1960 a situdiyon RCA da ke Nashbil. Tsofaffin masu sauraron rediyo a ƙasar nan sun san ƙarar wannan ɗaki ko da ba su san sunansa ba, don a nan ne Jim Reeves ya riƙa ɗaukar waƙoƙinsa, kuma 'yan amshin Anita Kerr da ke bayan Jim Reeves su ne ke bayan Orbison. Makaɗan su ne na yau da kullum a garin, irin su Floyd Cramer a kan fiyano da Bob Moore a kan babbar jita mai kaurin amo. Abin da ya sauya shi ne tsarin. A kiɗan rok-an-rol yadda aka saba, ganga ake fara kafawa, a ɗora jita, sannan murya ta yi kokawar fitowa ta samansu. Injiniyan ɗakin, Bill Porter, sai ya juya abin: ya matso da 'yan amshi dab da makirufo ya sa su a gaba, ya tura ganga can baya ta yi laushi, aka shimfiɗa gogen Turawa a tsakiya. Shi ya sa in ka saka faifan, abin da ke fara taɓa kunnenka shi ne 'yan amshi suna gunguni a hankali kamar a gefen wuyanka, kafin mai waƙar ya shigo.

Shigowar tasa ita ce maganar. Yana farawa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa a ɗaki bayan kowa ya yi barci. Ba ya zagin wadda ta tafi, ba ya cika bakin zai sami wadda ta fi ta, ba ya kiran abokai a je a sha a manta. Yana dai faɗin halin da yake ciki. Sai muryar ta riƙa hawa mataki-mataki, har a kusa da ƙarshe kiɗan ya ɗauke ya bar shi shi kaɗai a sama, a wurin da in murya ta karye babu ganga ko jita da za ta rufa mata asiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mutane ya rera ko baiti ɗaya ya san wanne ya fi wuya tsakanin wannan da ihu a cikin hayaniya. Mai ihu yana da wurin ɓuya. Shi wannan ba shi da shi. Waƙar ta kai lamba 2 a Amurka, ta kai lamba 1 a Ingila. Blue Angel da ta biyo ta, ita ma tana cikin faifan, ta kai lamba 9, sai I'm Hurtin' ta tsaya a 27.

Kada a ce na mai da faifan abin da ba shi ba. Waƙa 12 ce a ciki, kuma ba duka suka kai ba. A wancan lokaci kasuwa ta ƙaramin faifai ce mai waƙa ɗaya a kowace fuska, babban faifai kuwa sau da yawa tattara waɗanda suka yi kasuwa ake yi a cike sauran gurbin da abin da ya samu. I'm Hurtin' kusan ƙanwar Only the Lonely ce da aka ɗinka wa kaya iri ɗaya don a sake cin kasuwa, kowa ya ji ya san haka. Bye Bye Love tasa ba ta kama ƙafar ta Everly Brothers ta 1957 ba, ni da an bar ta ma da ya fi. Amma ku dubi sauran abin da ya aro. Ya ɗauko biyu daga Don Gibson, ciki har da I Can't Stop Loving You, tun kafin Ray Charles ya mai da ita abin da duniya ta sani a 1962. Ya ɗauko Cry, wadda Johnnie Ray ya yi suna da ita a 1951, mawaƙin da aka sani da zubar da hawaye a kan dandamali har ana yi masa ba'a. Wanda ya zaɓi wannan waƙa a faifansa na farko ya san layin da yake shiga, ya kuma san abin da za a ce masa. Da gangan ya shiga.

Sai kuma babbar hujjar tasu, wai waƙar soyayya mai sanyi baƙuwa ce a gidan rok-an-rol, kamfanoni ne suka cusa ta bayan manya sun kau. Haba jama'a! Waƙar farko da Elvis ya taɓa ɗauka a rayuwarsa, da kuɗin aljihunsa a Memfis a 1953, My Happiness ce, mai sanyi ce ƙalau. A 1956, shekarar da ya fi kowace tashe, ya fitar da Love Me Tender. Buddy Holly, wanda ake cewa da mutuwarsa kiɗan ya mutu, zamansa na ƙarshe a situdiyo a Oktoban 1958 a Niyok da gogen Turawa ya yi shi, a nan ya ɗauki True Love Ways. Da ya yi tsawon rai, da alama hanyar da Orbison ya bi ita yake shirin bi. Elvis kuma da ya dawo daga soja a 1960, wane ɗaki ya nufa? Wannan ɗakin dai na Nashbil, gaban wannan Bill Porter ɗin, ya ɗauki Are You Lonesome Tonight? Idan sanyin waƙa cin amana ne, to sarakunan gidan ne suka fara ci, sai a fara tuhuma daga kansu.

Abin da ya bambanta Orbison da su shi ne bai bar wa kansa ƙofar baya ba. Elvis in ya yi waƙar kaɗaici, kana ji kana kuma kallon fuskarsa da ƙugunsa, ka san wannan kaɗaicin ba zai kai gobe ba. Orbison kuwa ba shi da kyan da zai sayar, ba ya rawa, ba ya zagaya dandamali. Tsayawa yake wuri guda kamar an dasa shi, baki ma da ƙyar yake buɗewa, murya na fita. In ya ce an bar shi, sai ka yarda an bar shi ɗin. Ina ganin wannan ne ainihin abin da ke damun masu sukar, ko da ba za su faɗa ba. Namiji ya fito fili ya ce ina jin tsoro, an ƙi ni, ban san yadda zan yi ba, kuma bai biyo da barazana ko alfahari ba, wannan yana sa wasu mazan ƙaiƙayi a jiki. Sun gwammace su ce kiɗan ne ya lalace.

Mu nan bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun ga yadda aka yi da littattafan soyayya na Hausa tun daga shekarun 1990, aka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, aka yi musu hukunci a dunƙule tun kafin a buɗe bangon da yawa daga cikinsu. A cikinsu akwai na banza, babu musu, kamar yadda akwai Fabian a can. Amma da zarar an ji kalmar soyayya sai a ɗauka an gama sanin abin da ke ciki, a huta da wahalar tantance mai kyau da maras kyau. Lalaci ne aka sa wa rawani. Na bar wannan a nan, ba shi na zo yi ba yau.

Akwai kuma wasu da nake da ja da su, su kuwa masoyansa ne, kuma a wajena ɓarnarsu ba ta gaza ta masu suka ba. Su ne masu cewa ai dole ya yi waƙar baƙin ciki, dubi abin da ya same shi. Abin da ya same shi kam babba ne. Matarsa Claudette ta rasu a haɗarin babur a 1966. A 1968, yana rangadi a Ingila, gobara ta cinye gidansa a jihar Tenesi, 'ya'yansa maza biyu suka rasu a ciki. Sai dai a duba kalanda. Lonely and Blue ya riga farkon waɗannan da shekara biyar. Lokacin da ya tsaya gaban makirufo a 1960, saurayi ne ɗan shekara 23 zuwa 24, da matarsa da ɗansa, yana neman abin sawa a baki. Ko baƙin tabarau da ake cewa alamar makoki ne, a 1963 ya fara sa su a dandamali, saboda ya manta nasa na kullum a jirgi ya hau da waɗannan, mutane suka saba ganinsa haka ya ci gaba. Masu jingina waƙoƙin da masifarsa suna ƙwace masa aikinsa ne ba su sani ba. Suna mai da shi wanda kuka ya kubce wa, alhali mutum ne da ya zauna da Joe Melson suka auna kowane mataki na hawan murya, suka san inda za a ɗauke kiɗa da inda za a dawo da shi. Shaidar haka ita ce abin da ya yi nan gaba kaɗan. Running Scared ta 1961 ba ta da amshin da ake komawa kansa kamar sauran waƙoƙin zamanin, tafiya ɗaya take yi tana ƙara nauyi har ta fashe a ƙarshe, ta kuma kai lamba 1 a Amurka. Wannan aikin magini ne.

To su Beatles ɗin fa, da aka ce su suka zo ceto? A watan Mayun 1963 an haɗa su rangadi ɗaya da Orbison a Ingila. Da farko sunansa ne a sama, amma tashen yaran ya kai inda dole su ne za su rufe taro. Ya fito gabansu, a gaban 'yan matan da suka zo don su yi wa wasu ihu, ya tsaya cik yadda ya saba ya rera waƙoƙinsa masu sanyi, aka yi ta neman ya ƙara, su Beatles na bayan labule suna jiran a ba su wuri. John Lennon da bakinsa ya faɗi cewa Please Please Me ya fara rubuta ta ne a matsayin waƙa mai tafiyar hawainiya irin ta Orbison, furodusansu George Martin ne ya sa aka ƙara mata sauri. Ashe masu tashin gawar a makarantar gawar suka yi karatu. Bayan shekara 25, a 1988, George Harrison ya zauna ƙungiya ɗaya da shi, Traveling Wilburys, tare da Bob Dylan da Tom Petty da Jeff Lynne, 'yan watanni kafin ciwon zuciya ya ɗauke Orbison a Disambar shekarar yana da shekara 52. Kafin nan, a 1987, an shigar da shi zauren girmama gwanayen rok-an-rol na Amurka, Bruce Springsteen ne ya gabatar da shi. Ban kawo wannan don lambar yabo hujja ce ba, sau nawa ake ba wanda bai cancanta ba. Na kawo ne don a ga cewa su masu sana'ar, waɗanda suka san wuyar abin, ba su taɓa sayen tatsuniyar da 'yan kallo ke tallatawa da sunansu ba.

Shi kuwa kamfanin Sun, inda aka hana shi sanyin murya aka ce ya yi ta tsalle, da suka ga Only the Lonely ta yi kasuwa a Amurka da Ingila, sai suka koma rumbu suka kwaso tsofaffin waƙoƙin da ya bari a can, suka haɗa su a babban faifai, suka sa masa suna At the Rock House, suka kai kasuwa a cikin 1961 ɗin nan dai.